Holt, Aylsham ko Wymondham: wane gari ya dace da mai iyali a lardin Norfolk na Ingila?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin Norwich. Wata biyar ke nan ina zaune a ɗaki ɗaya a masaukin ma'aikata. Maigidana da yaranmu biyu, mai shekara 9 da mai shekara 5, za su iso daga Kano nan da wata uku in sha Allahu. Ba ma son zaman tsakiyar birni, mun fi son ƙaramin gari mai natsuwa. Na ga jaridun nan suna yawan yabon Holt da Aylsham da Burnham Market, abokan aikina kuma wasu sun ce Wymondham, wasu sun ce Dereham. Ba ni da mota tukuna, sai lasin tuƙi na Najeriya. Don Allah wane gari ne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo iyali lafiya, ya sa a tare a sa'a.

Kin tambayi garin da ya fi. Da izininki zan ɗan juya tambayar, domin a yadda na fahimci halinki, abin da kike nema shi ne garin da za ki iya fita daga cikinsa ƙarfe 6 na asuba a watan Janairu ki isa bakin duti a kan lokaci, ki dawo bayan ƙarfe 8 na dare ki tarar da gida da ɗumi, yara sun je makaranta sun dawo, maigida kuma bai wuni yana ƙirga allunan silin ba. Garin da ya cika waɗannan sharuɗɗa ba lallai ne ya zama wanda jarida ta sa hotonsa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki da wani kamfanin dillancin gidajen haya a wannan lardi. Aikina shi ne in shiga gida in duba shi kafin ɗan haya ya tare, in sake dubawa bayan ya tashi. Saboda haka na ga cikin gidajen yawancin garuruwan da kika lissafa, na kuma ji dalilan da mutane ke bayarwa ranar da suke miƙo makulli. Da wuya ki ji wanda ya ce ya tashi don garin ba shi da kyau. Kusan kullum maganar ɗaya ce cikin uku: hanya, sanyi, ko kaɗaici.

Yadda lardin yake a shimfiɗe

Norfolk lardi ne mai faɗi, mutanensa sun ɗan haura 900,000, kuma a warwatse suke. Norwich ce kaɗai birni, sai King's Lynn a yamma da Great Yarmouth a bakin teku ta gabas, sai Thetford a kudu. Sauran duk ƙananan garuruwan kasuwa ne da ƙauyuka. Babu irin manyan hanyoyin nan masu shuɗin allo da suke kira motorway ko ɗaya a lardin. Hanyar A11 da ke fita Landan da Kambirij sai a ƙarshen 2014 aka gama mayar da ita tagwaye gaba ɗayanta. Hanyar A47 ita ce ta ratsa lardin daga King's Lynn ta Swaffham da Dereham, ta zagaye Norwich ta kudu, ta nufi Yarmouth. Hanyar A140 kuma ta haura arewa daga Norwich ta Aylsham zuwa Cromer, kuma yawancinta hannu ɗaya zuwa ne hannu ɗaya dawowa. Idan tarakta ta shiga gabanki, ko babbar mota ɗauke da wannan tushe mai kama da dankali da suke yin sukari da shi, wanda ake ta jigilarsa zuwa masana'antun Cantley da Wissington tun daga kaka har ƙarshen hunturu, sai dai haƙuri.

Ga abin da ya fi shafarki. Asibitinki ba a cikin gari yake ba. Yana Colney, a gefen kudu maso yamma, kusa da jami'a, dab da inda A47 ta wuce. Tashar jirgin ƙasa ta Norwich kuwa tana can ɗaya ɓangaren birnin. Don haka idan wani ya ce miki garin kaza yana da jirgi zuwa Norwich, ki tuna bayan kin sauka akwai sauran tafiyar bas da za ta ratsa birnin da ke. Duk garin da ke kudu maso yamma ko yamma da Norwich yana ɓangarenki. Duk wanda ke arewa, birnin ya shiga tsakaninku. An buɗe hanyar zagaye ta arewa a 2018, amma ba ta haɗe da A47 ta yamma ba, sai ta tsaya a hanya. Mai fitowa daga Aylsham zuwa asibiti ko dai ya kutsa cunkoson gefen birni, ko ya bi ƙananan hanyoyin ƙauyuka, ko ya yi doguwar zagaye ta gabas.

Maganar jirgin ƙasa ma a yi ta a gama. Wymondham da Attleborough da Thetford suna kan layin Norwich zuwa Kambirij. Diss tana kan babban layin Landan. North Walsham da Cromer da Sheringham suna da nasu layin. Amma Dereham da Aylsham da Holt da Fakenham da Swaffham duk an rufe musu jirgin fasinja tun shekarun 1950 da 1960. Za ki ga tasha a taswira a Holt da Aylsham da Dereham, kada ta ruɗe ki: jiragen tarihi ne na 'yan yawon buɗe ido, ba na zuwa aiki ba.

Sai lasin tuƙi, wanda shi ne ginshiƙin lissafin nan duka. Lasin Najeriya yana aiki wata 12 ne kacal daga ranar da kika zama mazauniyar ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa da na Birtaniya. Dole ki nemi lasin koyo, ki ci jarrabawar rubutu, ki ci ta tuƙi. Kin ci wata biyar, ranar da iyali za su sauka kin ci takwas, saura huɗu. Samun ranar jarrabawar tuƙi kuwa yakan ɗauki watanni. Maigida zai samu nasa wata 12 daga ranar da ya iso, wannan sauƙi ne, amma in ya samu aiki, wa zai kai ki duti? Ki nemi lasin koyon nan a wannan makon, kafin ma ki kalli gida ko ɗaya.

Holt da 'yan'uwanta

Ba zan ɓata Holt ba, domin kyakkyawan gari ne na gaske. Gobara ta cinye shi a 1708, aka sake gina shi a tsari ɗaya, shi ya sa titunansa suke da wannan kamala. Akwai ƙananan kantuna a lunguna, akwai makarantar Gresham's ta masu hali da aka kafa tun 1555, teku kuma ba nisa. Burnham Market kuwa har laƙabi 'yan lardin suka sa mata na zolaya, wai unguwar attajiran Landan ce da aka ɗauko aka dasa a bakin teku. To amma ki tambayi kanki su wa ake rubuta wa waɗannan jerin garuruwa na jarida. Wanda ya sayar da gidansa a Landan ne, ya yi ritaya ko yana aiki daga gida da kwamfuta, yana da mota biyu a ƙofa. Shi abin da yake aunawa daban, ke naki daban.

A ƙidayar 2021, kusan mutum ɗaya cikin uku a ƙaramar hukumar North Norfolk ya kai shekara 65 ko ya wuce, kuma babu inda kason tsofaffi ya kai nata a Ingila. Gidaje da dama a garuruwan bakin tekun, irin su Blakeney da Wells da Burnham Market, gidajen hutu ne, masu su ba sa zuwa sai bazara ko ƙarshen mako. Abin da wannan ke haifarwa a fili yake: gidan haya na dogon zama ya yi ƙaranci domin mai gida ya fi samun riba a wajen baƙin mako guda, farashi ya hau, kantunan garin sun karkata ga mai yawon buɗe ido, makarantun ƙauye kuma yara sun ragu. Ki je a watan Agusta ki rasa wurin ajiye mota, ki koma a Fabrairu ki ga titi guda fitila uku ce kawai a kunne.

Ni kaina na taka wannan sawun, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Shekarar da uwargida ta iso, na kama mana wani ɗan gida a ƙauye a arewacin lardin, an gina shi da duwatsun ƙanƙara irin na ƙyastu, fure ya hau bango, coci mai doguwar hasumiya a bayansa. A watan Yuni na gan shi, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, na ce ai na tsinci dami a kala. Hotunan da na tura gida har ana tambayata ko na zama bature ne. Da Disamba ta zo, kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufe. Bas ta ƙarshe tana wucewa tun kafin in tashi daga aiki, ranar Lahadi kuwa babu ko ɗaya. Ƙauyen ba shi da bututun gas, da kananzir ake ɗumama gida, ni kuma ban san ana leƙa tanki ba. Wata asubar Janairu muka tashi tukunyar ɗumama ta mutu, tanki ya ƙafe ƙaf. Kwana biyar muka yi muna jiran motar mai, muna kwana a falo da 'yar hita guda, jaririnmu an naɗe shi kamar ƙunshin goro. Amma abin da ya fi ci mini rai ba sanyin ba ne. Wata rana na dawo uwargida ta ce mini tun safe ba ta ji muryar ɗan Adam ba sai ta mai kawo wasiƙa, shi ma gaisuwa ce ta kalma biyu. Matar da ta tashi a gidan da ba a rufe ƙofa. Muna cika wa'adin haya muka tattara.

Ki riƙe wannan saboda maigidanki. Ke kina da asibiti, kina da abokan aiki, kin riga kin saba. Shi ne zai sauka daga hayaniyar Kano kai tsaye zuwa shiru, ba aiki tukuna, ba majalisa, ba masallacin ƙofar gida. Nisan gidanku da inda zai samu aiki da jama'a yana da nauyi daidai da nisanki da asibiti. Daga Holt zuwa Norwich mil ashirin da 'yan kai ne a siririyar hanya. Ki bar ta ta zama wurin kai yara shan iska ranar Asabar.

Waɗanda suka cancanci ki taka ki gani

In ni ne ke, da Wymondham zan fara. Ki lura, Windam ake cewa. Rubutun garuruwan nan da furucinsu hannun riga ne, Costessey ma Kosi ce, Happisburgh kuma Heizbara. Tana kan A11, kimanin mil 10 daga tsakiyar Norwich, kuma asibitinki ya fi haka kusa tunda yana kan hanyar. Gari ne mai ransa: tsohuwar majami'a mai hasumiya biyu da aka kafa a 1107, kasuwar Juma'a a gindin tsohuwar rumfar katako ta tsakiyar gari, manyan kantunan abinci, ɗakin karatu, wurin ninkaya. Daga nan Robert Kett ya jagoranci boren talakawa na 1549 a kan masu killace filayen kiwo, har yau sunansa na kan tituna da makarantu. Jirginta yana zuwa Norwich da Kambirij, wasu ma har filin jirgin sama na Stansted. Ga mai neman aiki wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ta buɗe wa maigida ƙofa biyu, ta Norwich da ta garuruwan kan A11 har Thetford. An kuma gina sababbin unguwanni da yawa a gefenta, gidajen suna riƙe ɗumi, kuma a nan ne za ki fi cin karo da iyalai baƙi irinku.

Aibinta biyu ne. Kowa ya san abin da na faɗa, don haka haya ba ta da sauƙi, gida mai ɗaki uku in ya fito ba ya kwana. Na biyu, yawan sababbin gidajen ya sa makarantunta kan cika. Akwai kuma mahaɗar Thickthorn, inda A11 ta gamu da A47, wadda takan cushe da safe, sai dai mai fita ƙarfe 6 ta riga cunkoson.

Tsakanin Wymondham da asibiti akwai Hethersett, babban ƙauye ne mai makarantun firamare da sakandare, sai Cringleford wadda ta kusa manne wa asibitin, har wasu ma'aikata da keke suke zuwa. Ba su da tsohuwar kasuwa da za a ɗauki hoto, amma ga mace mai dutin dare wadda ba ta da mota, kusancin nan ya fi duk wata hasumiya. Cringleford dai akwai tsada.

Dereham ita ce zaɓin mai lissafin aljihu. Tana tsakiyar lardin a kan A47, kimanin mil 16 yamma da Norwich, mutanenta sun kusa 20,000. Ba ta da ado, babu jaridar da za ta sa ta a bango, amma tana da abin da gida ke buƙata: manyan kantuna, sakandare biyu, kasuwa Talata da Juma'a, bas zuwa Norwich a kai a kai. A abin da nake gani a wurin aiki, kuɗin da zai kama miki ɗaki biyu a Wymondham yakan kusa kama uku a Dereham. Sharaɗinta mota. In hatsari ya rufe A47, kowa sai ya bi ƙauyuka. Attleborough kuma tana gaba da Wymondham kaɗan a kan A11, tana da tashar jirgi, haya ta ɗan fi sauƙi, sai dai ki yi hattara da unguwar da za ki kama, zan zo kan dalili.

Aylsham ta cancanci yabon da ake mata, kuma ta bambanta da Holt domin mutanenta mazauna ne na dindindin. Dandalin kasuwarta na da kyau, tana da sakandare, katafaren gidan tarihi na Blickling yana gefenta. Da a arewacin Norwich kike aiki, ko a Cromer, da na ce ki duba ta da kyau. Ga mai aiki a Colney, ta faɗa ɓangaren da birni ya raba ku. Diss ta dace da wanda ƙafarsa ɗaya ke Landan, domin jirgi kimanin awa ɗaya da rabi ne. Thetford ta fi su arahar haya da cakuɗuwar jama'a, akwai 'yan Fotugal da 'yan gabashin Turai da yawa, amma kusan mil 30 zuwa, kusan 30 dawowa kullum bayan dutin awa 12, a hanyar da barewa ke tsallakawa cikin dare ta dajin Thetford, ban so miki ba.

Kowanne kika zaɓa, ga gwajin da nake ba kowa. Ki buɗe jadawalin bas na garin, kada ki dubi na Talata da rana. Ki dubi bas ta farko ranar Lahadi da safe, da ta ƙarshe ranar Lahadi da dare, ki gwada su da lokacin dutinki. Jadawali yana sauyawa, wanda abokiyar aikinki ta sani bara ba lallai ne yana nan ba. In babu bas da za ta kai ki, ki tambayi kuɗin tasi na tafiya ɗaya, ki ninka shi sau yawan Lahadin da kike aiki a wata, ki ɗora a kan kuɗin hayar. Wannan ne ainihin farashin gidan.

Gidan kansa

Gari ɗaya, titi ɗaya, gida biyu na iya bambanta da ɗaruruwan fam a kuɗin ɗumama na shekara. Tambayar farko da za ki yi wa dillali ita ce da me ake ɗumama gidan. In gas ne na bututu, madalla. In kananzir ne, ki sani masu kawowa ba sa sayar da ƙasa da lita 500, kuɗin a dunƙule ake biya, kuma ƙayyade farashin da hukuma ke yi wa gas da lantarki bai shafe shi ba; a 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke mutanen ƙauyuka sun ji a jikinsu. In tsofaffin hitocin lantarki ne na jikin bango, ki yi tunani sau biyu. Kowane gidan haya yana da takardar da ke nuna yadda yake riƙe ɗumi, daga harafin A zuwa G. Doka ta hana ba da hayar wanda ya gaza E, amma E ɗin ma rami ne. Ki nemi C, ko D in ya zama dole.

Idan na shiga gida, hancina nake fara saki kafin ido. Warin sabon fenti a ɗaki ɗaya tak abin tambaya ne. Sai in ja kabad daga jikin bangon da ke kallon waje, in leƙa bayansa, in shafa kusurwar ƙasa da tafin hannu. Baƙin ɗigo-ɗigo a nan, ko a gefen taga, fumfuna ce, kuma ga yara masu saurin tari ba abin wasa ba ce. Ki fito da wayarki a kowane ɗaki ki ga ko akwai sabis, domin akwai ƙauyukan da sai an fita tsakar gida ake amsa kira.

Sai ruwa. Norfolk na cikin lardunan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Ingila, amma ƙasa ce mai kwari, ruwa in ya zo ba ya samun wurin gudu. Tsofaffi har yau suna maganar daren 31 ga Janairun 1953 da teku ta ɓalle ta kashe mutane a Hunstanton da Heacham da King's Lynn da Sea Palling. A Disambar 2013 gidaje sun rufta cikin teku a Hemsby, a Happisburgh kuma gaɓa na ci gaba da zaizayewa. Kada ki ce ai ke ba bakin teku za ki ba: a Oktoban 2023 ruwan sama ya shiga gidaje da dama a Attleborough, a Disambar 2020 ya yi ɓarna a Long Stratton. Shafin gwamnati na intanet yana da wurin da za ki sa lambar unguwa ya nuna miki haɗarin ambaliyar gidan, kyauta. Minti biyu ne. In kin je kuma, ki dubi gindin bangon gareji ko akwai layin da ruwa ya taɓa tsayawa.

Ta fannin kuɗi, yawancin dillalai suna son albashin shekara ya kai ninki 30 na hayar wata. Misali, gidan fam 1,100 a wata yana son fam 33,000 a shekara. Tunda maigida bai fara aiki ba, albashinki kaɗai za a duba, in bai kai ba za su nemi wanda zai tsaya miki. Ki tanadi takardar ɗaukar aiki da takardun albashi na watannin nan. Kuɗin ajiya doka ta ƙayyade shi, ba ya wuce hayar mako biyar, wato kusan fam 1,270 a misalin nan, kuma dole a saka shi a asusun kariya da hukuma ta amince da shi cikin kwana 30. Kafin alƙalami ba ya wuce hayar mako ɗaya. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi kafin ki ga gida da idonki, musamman a Facebook, ɗan damfara ne. Ki tambayi rukunin harajin gida da ƙaramar hukuma ke karɓa, daga A zuwa H ne, bisa darajar gidan a 1991, kuma sababbin gidaje sukan faɗa rukuni mai nauyi fiye da yadda girmansu ya nuna. Majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da sabuwar dokar 'yan haya a 2025 wadda ta taɓa wa'adin yarjejeniya da kuɗin da ake biya gaba. Ni mai duba gida ne ba lauya ba, don haka kafin ki sa hannu ki kai takardar ofishin ba jama'a shawara na Citizens Advice su karanta miki, ba sa karɓar ko kwabo. Duk abin da ya shafi sharuɗɗan bizarku ma can ko wurin lauyan shige da fice za ki kai.

Makaranta, masallaci, maƙwabta

Yaranki za su shigo a tsakiyar zango, don haka ta hukumar lardi za ki nema musu gurbi, kuma sai da adireshi. Zama kusa da makaranta ba ya tabbatar da gurbi in ajin ya cika. Yana yiwuwa a ba ɗaya nan, ɗaya can. Kafin ki biya kafin alƙalami, ki buga wa makarantun unguwar waya ki tambaya ko akwai wuri a ajin mai shekara 9 da na mai shekara 5. Ki kuma hango gaba: babban zai shiga sakandare yana da shekara 11, ana rufe neman gurbi ranar 31 ga Oktoba ta shekararsa ta ƙarshe a firamare, kuma adireshin da kuke a ranar shi za a duba. Wato gidan da za ku kasance ciki nan da shekara ɗaya ko biyu ya fi na yanzu tasiri a karatunsa. Ƙaramin zai ci abincin rana kyauta har ƙarshen aji biyu, kamar kowane yaro. Naman halal dai ba kasafai ake samu a makarantun ƙananan garuruwa ba, iyaye kan zaɓi abincin da ba nama ko su ɗaura wa yaro nasa. Da yawa daga firamaren ƙauye na cocin Ingila ne, kuma doka ta ba iyaye damar cire yaro daga addu'ar safe in sun so.

Masallatai a Norwich suke: akwai masallacin Ihsan a Chapelfield, wanda turawan da suka musulunta suka kafa tun shekarun 1970, akwai babba a titin Aylsham, akwai wurin salla a jami'a kusa da asibitinki. King's Lynn da Yarmouth ma suna da nasu. Naman halal da garin tuwo da manja da busasshen kifi, titin Magdalen a Norwich za ki nufa. Juma'a, tarawihi, islamiyyar yara ta ƙarshen mako, sallar idi, duk tafiya Norwich ce. Daga Wymondham ko Hethersett abu ne mai sauƙi, daga Dereham sai an shirya, daga Holt kuwa sai a wayi gari an daina zuwa ba tare da an yanke shawarar dainawa ba. Na ga haka a gidaje fiye da ɗaya.

Mutanen lardin kusan kashi 95 cikin 100 farar fata ne. A ƙaramin gari za a kalle ki, musamman da hijabi, kuma yana yiwuwa yaranki su kaɗai ne baƙaƙe a ajinsu. A zamana na fi cin karo da kamewa fiye da ƙiyayya: ba sa saurin sakin jiki, maƙwabci zai shekara yana ɗaga miki hannu daga nesa, amma ranar da motarki ta ƙi tashi shi zai fito da wayar batir. Na kuma ji munanan kalamai a titi, ba sau ɗaya ba, ba zan ɓoye miki ba. Norwich ta fi sabawa da baƙi. Tun 1565 ta karɓi masaƙa 'yan gudun hijira daga Holan da Beljiyam, kuma an ce su suka kawo tsuntsun kanari da ke jikin rigar ƙungiyar ƙwallon garin. Abin da ke saurin buɗe ƙofa a nan shi ne bakin makaranta lokacin ɗaukar yara, da ƙwallon yara ta safiyar Asabar. Ki tura maigida can.

Abin da zan yi a wata ukun nan da ni ne ke: in nemi lasin koyo yanzu, in sa sunana a wajen dillalan Wymondham da Hethersett da Cringleford, in ajiye Dereham a matsayin madadin in kuɗi bai kai ba kuma mota ta samu. Kada ki yi maganar sayen gida sai kun ci hunturu guda cur a lardin. Ranar hutunki ta gaba, ki hau bas daga ƙofar asibiti bayan magariba ki je Wymondham, ki taka daga inda aka sauke ki zuwa unguwar da kike hari, ki duba fitilun titi, ki ƙirga mintuna, sannan ki dawo ta hanyar da kika je. Ban ga takardar albashinki ba, ban kuma san aikin da maigida zai nema ba. In ya kasance direba ne ko mai aikin masana'anta, lissafin na iya karkata zuwa Attleborough ko Thetford, sai ki sake rubuto mini da bayanin mu duba tare.